Hasken Mai Hoto a Yerwa, da Ruwan da Bai Kai Gare Shi Ba

Duk wanda ya ci abinci da kyamara, idan aka miƙa masa tsohon hoto, inuwa yake fara dubawa kafin fuska. Inuwa ce ke faɗa masa daga ina haske ya zo, da wace fitila aka yi aiki, wani lokaci har da zamanin da aka ɗauki hoton. Tsofaffin hotunan Yerwa, wato Maiduguri, da suka ratsa hannuna, na fadar Shehu da na kasuwa da na hawan sallah, duk inuwarsu a kan rairayi take, gajera a gindin ƙafa ko doguwa ta hantsi. Rana ce ta haska su. Babu dare a cikinsu, babu cikin ɗaki. Tarihin sana'armu a garin nan labari ne na yadda masu hoto suka riƙa kai haske inda a da ba ya zuwa: daga fili zuwa shago, daga shago zuwa tsakar dare. Wuri ɗaya ya rage mana, kuma shi ne ya fi ciyar da mu, wato cikin ruwan Tafkin Chadi da Kogin Ngadda da madatsar Alau.

Na shiga sana'ar nan ina saurayi a Hausari, jim kaɗan bayan an yanko Jihar Borno daga tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas a 1976. Maigidana Bayerabe ne. Dama yawancin waɗanda suka fara buɗe shagunan hoto a biranen Arewa Yarbawa ne da Ibo. Ya daɗe a Maiduguri har yana cinikin kasuwa da harshen Kanuri. A hannunsa na koyi haɗa maganin wanki, da zaman ɗakin duhu a ƙarƙashin jar fitila, da abin da ya fi duka wuya, wato sanin inda za a ajiye haske.

Zamanin rana

Turawan da suka iso Kukawa a watan Fabrairun 1823, Denham da Clapperton da Oudney, zamanin Shehu Muhammadu al-Amin El-Kanemi, da fensir da takarda suka zo, domin sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar hoto a Faransa. Saboda haka abin da mutanen Turai suka fara gani na Borno zane ne, na mahaya cikin lifidi da sulke. A 1851 wani Bature, Adolf Overweg, ya iso da jirgin ruwa da aka rarraba gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma tun daga Tarabulus. Ya harhaɗa shi ya shiga tsibiran Buduma, shekara ta zagayo ya rasu a bakin tafkin.

Kyamara kuwa tare da bindiga ta shigo. Ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan yankin nan da suka fi yawo a duniya shi ne na kan Rabeh, bayan Faransawa sun kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Hoto ne na wanda ya ci yaƙi, an ɗauke shi don a nuna wa na gida an gama aiki. Shekara huɗu bayan nan ayarin Boyd Alexander ya iso da jiragen ruwa biyu na ƙarfe don auna tafkin. Ƙanensa Claud ya rasu a Maifoni a 1904, shi ma Boyd da aka kashe a ƙasar Chadi ta yau a 1910 nan aka kawo gawarsa. Matar da zai aura, Olive MacLeod, ta yi doguwar tafiya don ziyarar kabarinsa, ta ratsa tafkin, ta fitar da littafi a 1912 cike da hotunan abin da ta gani a hanya. A tsakanin nan ne, a 1907, Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, daura da barikin Turawa na Maifoni. Ashe garinmu da kyamara kusan tare suka taso.

Da sana'ar ta dawo hannun 'yan ƙasa, rana ba ta sauka daga matsayinta ba. Na tarar da masu hoton jira-ka-karɓa a gindin darbejiya, kusa da gidan waya da bakin kotu. Akwati ne na katako a kan ƙafa uku, da baƙin hannun riga a jikinsa. A cikin akwatin akwai ƙananan kwanoni biyu na magani. Mai hoto ya zaunar da kai a benci, baƙin ƙyalle a bayanka, ya ce kada ka motsa, ya cire murfin idon kyamara ya ƙirga a zuci ya mayar. Sai ya zura hannu ya wanke takardar a cikin akwatin. Ta fito a juye, fari ya zama baƙi, sai ya kafa ta gaban kyamara ya sake ɗaukar ta, hoton gaske ya fito, ya ɗauraye a bokiti ya miƙa maka da danshinsa. Maniyyata aikin hajji da 'yan makaranta da masu neman lasin tuƙi, duk ta wannan akwati suka bi. Idan hadari ya haɗo ko magariba ta kawo jiki, kasuwa ta tashi.

Da filashi ya iso

A Turai an daɗe ana neman hasken da mai hoto zai ɗauka ya tafi da shi. A 1887 wasu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa garin maganiziyam da sinadarin da ke sa shi tashi farat ɗaya. A zuba a faranti a cinna masa wuta, ɗaki ya yi fari tas, hayaƙi ya turnuƙe. Ya ƙone hannaye da gemu da yawa. A 1929 aka fito da ƙwan filashi a Jamus, fallen alminiyam a rufe cikin gilashi mai iskar oksijin, shekara ɗaya bayan nan kamfanin General Electric ya fara sayar da irinsa a Amurka. Sau ɗaya yake ci ya mutu. A 1931 kuma Harold Edgerton na jami'ar MIT ya nuna fitilar lantarki mai walƙiya, wadda za ta haska ta sake haskawa ba iyaka.

Maigida yana da ragowar kwali na waɗancan ƙwayaye. Ya ba ni labarin yadda kowace ɗauka take cin ƙwai guda, har sai ka yi lissafi kafin ka danna, da yadda suke lasar gindin ƙwan don ya kama wuta sosai, da hankicin da suke riƙewa don cire shi da zafinsa. Lokacin da na shigo, filashin batir ya fara yawa, irin su National da Sunpak da Metz, ana ɗaura su a kan Yashica mai ido biyu ko Pentax. Ka kunna ka ji siririyar ƙara tana hawa, ka jira 'yar fitilar baya ta kawo. A bayansa akwai jadawalin nisa da buɗin ido. Dokar guda ce: idan nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa ga mutum ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Garin ma a lokacin yana buɗewa. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, Maiduguri ta zama hedikwatar jiha a 1967, jami'a ta zo a 1975. Ma'aikata da ɗalibai suka cika shaguna. Amma babban abin da filashi ya ba mu shi ne dare. Bikin Kanuri rabinsa da dare ake yi. A daren wushe-wushe, ango ya zo da abokansa, masu ganga kura suna kiɗa, mata sun sha lalle sun naɗa lafaya, ana liƙi har dare ya raba. Kafin filashi, duk wannan a baki kawai yake wanzuwa. Bayan zuwansa, ko ta ina sai ka ji ana cewa, “Mai hoto, ɗauke ni!” Walimar saukar Alƙur'ani, maulidi, tashen azumi, tarbar alhazai da dare, duka suka shiga albam.

Darasin ƙura

Nan ne kuma Borno ta koya mana abin da ba ya cikin jadawalin bayan filashi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana sauka, iska cike da ƙurar da ta taso daga arewacin Chadi. A filin biki ƙafafun masu rawa suna ƙara tayar da wata, hayaƙin turaren wuta yana tashi daga kasko. Ka ɗauki hoto da filashi a kan kyamara, ka je ka wanke, sai ka ga fararen ɗigo sun cika shi, amarya tana can baya dishi-dishi. Mai biki ya ce hoton bai fito ba. Da ƙananan kyamarori masu filashi a goshi suka yawaita daga baya, abin ya ƙara muni, har wasu na cewa aljanu ne suka halarci biki.

Dalilin a fili yake. Idan fitila tana dab da idon kyamara, ƙurar da ke gabanka ita ce ta fara shan haske, kuma ita ce ta fi kusa, sai ta mayar da shi kai tsaye cikin idon. Maganin maigida shi ne ya cire filashin daga kan kyamara ya haɗa masa doguwar waya ya ba ni. Aikina na farko a wajen biki ke nan: in tsaya gefe, in ɗaga hannu sama, in karkata hasken ya sauka a kan amarya daga kusurwa, sararin da ke tsakaninta da kyamara ya zauna cikin duhu. Sannan ya matsa kusa, domin duk taku guda da ya rage, ya rage ƙurar da zai haska. Kan filashin kuma ya ɗaure da farin hankici, saboda baƙar fata da farar babbar riga ba sa son haske mai kaifi, ɗaya ta ƙone ɗaya ta nutse. Yakan ce da ni, “Yaro, ba yawan wuta ba ne, wurin ajiye ta ne.”

Sana'ar ta ga sauyi iri-iri bayan nan. Hoto mai kala ya zo, muna aika fim Kano a wanko, daga baya injinan wanki suka iso gari. Kyamarar dijital ta kashe ɗakin duhu, wayar hannu ta kwashe rabin ciniki. Daga 2009 dokar hana fita ta karɓe mana daren da filashi ya ba mu, riƙe kyamara a titi ya zama abin tsoro. A 2021 gari ya yi watanni babu wutar lantarki bayan an karya turakun layin Damaturu. Duk da haka wasu sun taso. Fati Abubakar, 'yar garin nan, ta fara sanya hotunan mutanen Borno a Instagram a 2015 da sunan Bits of Borno, ta nuna wa duniya 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar sallah a lokacin da ba a san mu da komai ba sai bam.

Sai ambaliya. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, shekara talatin bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya ci Fori da Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da gidan zu. Bayan rayuka da gidaje, akwai asarar da ba a sa a lissafi ba. Mutane sun riƙa kawo mini albam ɗin aurensu, shafuka sun manne, kala ta narke. Waɗanda aka ɗauraye da ruwa mai tsabta tun suna jiƙe, aka shanya a inuwa fuska a sama, wasunsu sun tsira. Waɗanda suka bushe a manne sun tafi. A kwanakin nan ne na fara tunanin ruwan nan da gaske, da irin ɗan abin da muka adana game da shi.

Tafkin da aka ɗauka daga sama

Tafkin Chadi ya sha hoto. 'Yan sama jannatin Apollo 7 sun ɗauke shi a 1968. Taurarin Landsat suna ɗaukarsa tun farkon shekarun 1970, kuma da hotunansu ake nuna yadda ruwan da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma bayan farin shekarun 1970 da 1980, kafin ya riƙa ƙaruwa yana raguwa. Mu ma mun ɗauki namu: kwalekwale a Doron Baga, tarun masunta, jerin gura da ake kira dumba, kwalayen banda a Tashar Baga ana lodi zuwa Onitsha da Legas. Na sha ɗaukar giwan ruwa a rataye, mai shi na tsaye a gefe yana murmushi.

Sai dai duk kifin da ke cikin hotunan nan matacce ne. Tafkin yana da kifi sama da iri ɗari, Bafaranshe Jacques Blache ya tattara bayaninsu a littafinsa na 1964. Masunta kuwa sun san halayensu tun kaka da kakanni. Sun san bargi yana gina zagayayyar sheƙa da ciyawa. Sun san uwar karfasa tana ɗaukar ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe. Sun san akwai kurungun da ke iyo ciki a sama, da gaiwa mai binne kanta a laka ta jira damina. Yaron da ya tashi a Bolori yana cin tarwada kullum bai taɓa ganin ɗaya daga cikin waɗannan ba. Gani kuwa ya kori ji.

Yadda wasu suka shiga da wuta cikin ruwa

A 1856 wani Bature, William Thompson, ya zura kyamara a akwati cikin tekun kudancin Ingila ya samo dishi-dishin ciyawar ruwa. Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Louis Boutan, masanin halittun ruwa a Banyuls ta Faransa, daga 1893. Hasken ƙasan ruwa ya yi masa kaɗan har yakan bar ido a buɗe kusan rabin awa. Sai aka ƙera masa fitila: ganga cike da iska, a samanta ƙaramar wuta a rufe cikin gilashi, da 'yar robar da zai matsa ta feso garin maganiziyam a kan harshen wutar. A 1926 William Longley da Charles Martin suka ɗauki hoton kifi mai kala a Dry Tortugas ta Florida. Su a saman ruwa suka bar wutar, a kan wani dandamali mai yawo, suna tayar da garin maganiziyam da yawa don haskensa ya ratsa ƙasa. Longley ya ƙone a wajen aikin. Mujallar National Geographic ta buga hotunan a Janairun 1927. A shekarun 1950 Edgerton ya haɗa kai da Jacques Cousteau suka saukar da filashin lantarki cikin zurfin teku, a 1963 kuma Nikon ya fito da Nikonos, kyamarar da ke shiga ruwa ba tare da akwati ba.

Abu biyu suka yi ta fama da su. Na farko, ruwa yana shanye launi. A teku mai tsabta, kafin a kai mita 5 ja ya kusa ɓacewa, sai ruwan lemo, sai rawaya, har komai ya koma shuɗi. Filashi ne ke dawo da launin, shi ma iyakarsa mita ɗaya zuwa biyu, tun da haskensa sai ya je ya dawo ta cikin ruwan. Na biyu, ruwa cike yake da ƙananan abubuwa masu yawo, kuma fitilar da ke kusa da ido su take fara haskawa. Da na karanta maganin da suka gano, sai na ga aikina ne na daren wushe-wushe: a raba filashi da kyamara, a ɗora shi a dogon hannu can gefe, a matsa kusa, a tausasa hasken.

Fitilar da ta dace da ruwanmu

Yawancin kayan da ake sayarwa don masu nutso a teku aka yi su, inda ruwa garau yake kuma ake neman ƙarfi. Namu ruwan daban ne. Matsakaicin zurfin Tafkin Chadi bai kai mita 2 ba, don haka zurfi ba zai cinye mana ja ba. Damuwarmu laka ce, wadda Kogin Shari ke kawowa kuma iska ke motsawa daga ƙasa. Ngadda da Alau ma haka suke da damina. A irin wannan ruwa, filashi mai ƙarfi ƙara lalata hoto yake yi.

Saboda haka abin da matashi mai son ɗaukar hoto cikin ruwan nan zai fara dubawa shi ne ko filashin yana da maɓallin rage ƙarfi da hannu, mataki-mataki har ƙasa sosai. Filashin da ke auna haske da kansa laka tana ruɗa shi. Na biyu, haskensa ya zama mai faɗi, da farin murfin da ke tausasa shi, domin ɓawon karfasa da na tsage suna ƙyalli, haske mai kaifi yana ƙone su. Na uku hannu ne, sanda mai gwiwa da za ta kai filashin nesa da ido, a ja shi ɗan baya, a karkata shi waje yadda gefen hasken kawai zai taɓa kifin. Kuɗin da aka sa a hannu mai kyau ya fi wanda aka sa a ƙarin ƙarfi amfani. Filashi ɗaya ya isa farawa. Biyu, dama da hagu, suna kashe inuwa, amma sai wanda ya iya sarrafa ɗaya zai ji daɗinsu. Idon kyamara kuma ya zama mai faɗi, don a iya matsawa har tazarar kamu biyu ko uku, tare da tuna cewa ta bayan gilashi miƙaƙƙe ruwa yana nuna abu ya fi girmansa kuma ya fi kusa.

Tocilar ruwa mai ci ba ƙyaftawa ta fi araha, kana ganin abin da za ka samu tun kafin ka danna, kuma ita ce ta bidiyo. Amma haskenta bai kai na walƙiya ba wajen tsayar da kifi mai gudu, da dare kuma tana tara ƙwari da ƙananan halittu a gaban ido. Mafi rauni duka ita ce fitilar waya a cikin jakar roba, domin tana manne da idon, duk lakar da ke gabanta za ta haska. Wanda waya kawai yake da ita, ya kashe fitilarta, ya ba abokinsa tocila ya riƙe daga gefe.

Yanayinmu ma yana da hukunci. Zoben robar da ke hana ruwa shiga, ƙwayar rairayi ɗaya ko gashi ɗaya ya isa ya buɗe masa hanya, don haka a cikin ɗaki ake buɗewa a goge a shafa masa mansa, ba a bakin ruwa cikin iska ba. Akwatin da aka bari a rana a watan Afrilu, da ya shiga ruwa gilashinsa zai yi gumi daga ciki. Filashi mai cin ƙananan batura da ake cajawa ya fi mana, tun da ana samunsu a kasuwa kuma faifan sola yana cika su. Haɗi da siririyar igiyar haske ya fi na wayar lantarki aminci, domin ba ya buƙatar huda akwati.

Lokaci da wuri kuwa masunta za a tambaya. Bayan damina, idan ruwa ya kwanta, cikin ciyayi da kwarin da iska ba ta kaɗawa ya fi tsakiyar tafki tsabta nesa ba kusa ba, saboda ciyawa tana tace laka. Da safe kafin iska ta tashi ya fi. Inda ruwan ya ƙi, akwai dabarar masana kifi: ƙaramin akwatin gilashi a bakin gaɓa, a sa kifin da ransa cikin ruwan da aka bari ya kwanta, a haska daga sama, a ɗauka, a mayar da shi. Kuma ba a shiga ruwan nan da ka. Akwai tsargiya, akwai dorina da kada, akwai minjirya mai shoki, akwai wuraren da har yanzu tsaro bai ba da damar zuwa ba. Sai da izinin sarkin ruwa da rakiyar wanda ya san wurin.

Shekaruna sun wuce na nutso, amma ina ganin yaran da ke ɗaukar biki a yau da fitilu uku a kan sanduna, sun fi mu kayan aiki nesa. Ga Kwalejin Kifi ta Tarayya ta Baga, ga sashen nazarin kifi a Jami'ar Maiduguri, ga tsofaffin masunta da rikici ya koro cikin gari da iliminsu a ka. Kyamara ɗaya, filashi ɗaya da hannunsa, da masunci ɗaya mai haƙuri sun isa a fara, ko a Alau ne. A ɗauki kowane kifi da ransa, a rubuta sunansa da Kanuri da Hausa da Buduma da Larabcin Shuwa, da wuri da wata, a ajiye kwafi a wurare da yawa yadda ambaliya ɗaya ba za ta cinye ba. Tafkin yana sauyawa, tsofaffin da suka san shi suna tafiya. Na gaba da mu sun kai haske shago, mu mun kai shi dare. Ruwa ya rage, kuma aikin 'ya'yan Borno ne.